Yadda Za Ka Riƙe Littafin Tabar Da Ka Ɗanɗana

Tabar da ka sha da hunturu ka yaba, in aka sake kawo maka ita a watan Afrilu sai ka rantse ba ita ba ce. Ko tabar ce ta canza, ko bakinka, ko iskar garin, ba za ka iya rarrabewa ba in babu rubutu. Shi ya sa mai shan lofe, da mai taɓa naɗaɗɗiyar tabar nan ta ganye zalla wadda Turawa ke kira sigar, suke buƙatar littafi. Ni tsohon malamin gona ne a Gusau, aikina ya saba mini da rubuta abin da na gani a ganye, kuma ga yadda nake riƙe nawa. Wanda bai taɓa sha ba kada ya fara saboda ni. Malamanmu da yawa sun hana ta, likitoci ma haka, kuma dokar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Nemi littafi mai bango mai kauri, irin wanda masu shago ke rubuta bashi a ciki. Ɗan 'yar'uwata ya sha ce mini, "Kawu, ai waya ta fi sauƙi." Ta fi sauƙi kam, amma ba a manna takardar gwangwani a jikin waya, ba a liƙa mata zoben takardar da ke wuyan naɗaɗɗiya, kuma waɗannan su ne shaidarka in shekara ta zagayo. Kowace taba ka ba ta shafi biyu masu kallon juna. Na hagu na abin da ba ya canzawa ne, na dama na abin da bakinka ya ji. Ka bar 'yan shafukan ƙarshe fanko, za mu zo kansu.

A hagu ka rubuta sunan tabar yadda yake a gwangwani, da ƙasar da aka yi ta, da nauyinta (yawancin gwangwanayen tabar lofe giram 50 ne), da kuɗin da ka biya, da ranar da ta zo hannunka, da ranar da ka buɗe ta. Waɗannan ranaku biyu daban suke, kuma ta biyun ta fi muhimmanci, domin daga ranar da ka fasa murfi taba take fara bushewa.

Sai irin ganyen. Nan ne mutane ke yin ƙiwa, kuma nan ne amfanin littafin yake. Virginia ana busar da ita da zafin wuta a rufaffen ɗaki ba tare da hayaƙi ya taɓa ta ba, tana riƙe sukari mai yawa, saboda haka tana da zaƙi kuma tana saurin ƙona harshe in ka yi gaggawa. Burley a iska ake busar da ita a inuwa, sukarinta kaɗan ne, tana shan duk ƙamshin da aka zuba mata, kuma tana da ƙarfi. Ganyen Turkiyya ƙanana ne, a rana ake shanya su. Latakia ta samo sunanta daga wani birnin bakin teku a Siriya, ana turara ta da hayaƙin itace har ta yi baƙi, kuma yanzu galibinta daga Saifurus take fitowa. Perique daga Luwiziyana ta Amurka take, ana danne ta cikin ganga har ta ruɓa cikin ruwanta, ɗan kaɗan ake barbaɗawa a haɗi. Cavendish kuwa hanyar sarrafawa ce, ana turara ganye da tururi a danne shi, sau da yawa a sa masa zaƙi. In ka riƙa rubuta waɗannan, bayan wani lokaci za ka buɗe littafin ka ga da idonka cewa duk tabar da ka ba maki mai kyau akwai ganye ɗaya da ke maimaituwa a cikinta. Daga nan ka daina sayen gwangwani don kyan zanensa.

Tabarmu ta gida ma ta cancanci shafi, kuma tata tambayar ta fi yawa tunda ba ta zo da takarda ba. In ka sayi ɗaurin ganye a kasuwar Shinkafi ko ta Talata Mafara, tambayi mai ita: ta wane ƙauye ce, ta fadama ce ko ta tudu, a rana aka shanya ta ko a rumfa, ta bana ce ko ta bara. Ka duba ko ganyen sama ne ko na ƙasa. Na saman itacen ya fi shan rana, ya fi kauri da duhu, kuma ya fi bugu. Na ƙasa sirara ne, suna cin wuta da kyau amma ba su da wani ɗanɗano sosai. Masu naɗa taba a Kyuba ma da wannan bambancin suke aiki, suna haɗa na sama da na tsakiya da na ƙasa a kara ɗaya.

Naɗaɗɗiya tana da sassa uku: ganyen ciki, ganyen da ya ɗaure su, da na waje mai sheƙi. Rubuta ƙasar kowanne in an faɗa. Sau da yawa za ka ga ciki na Nikaragwa ne ko na Jamhuriyar Dominika, na waje kuma na Kamaru, maƙwabciyarmu, wadda ganyenta ya yi suna a wannan aiki. Rubuta tsawo da kauri. Ana auna kaurin da kashi ɗaya cikin 64 na inci, saboda haka in ka ga 5 x 50, tsawonta inci 5 ne, kaurinta kashi 50 cikin 64. In wani ya kawo maka tsaraba ya ce Cohiba ce, wato sananniyar naɗaɗɗiyar nan ta Kyuba, ka karɓa ka yi godiya, amma a littafi ka sa alamar tambaya. Jabunta ya cika duniya, kuma bai kamata ka yanke wa tabar Pinar del Río, lardin Kyuba da ya yi suna a noman taba, hukunci da abin da aka naɗa a wani lungu ba.

Yanzu shafin dama. Layin farko na kowane zama shi ne kwanan wata da yanayin gari, kuma a wurinmu wannan layin ya fi na Bature nauyi. Naɗaɗɗiya tana son danshin iska tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100 da wuri mai sanyi-sanyi. Mu kuwa da hunturu iska na bushewa har leɓe ya tsage, da bazara zafi na haura digiri 40, da damina kuma fumfuna na kama kaya a akwati. Kafin ka cika lofe, ɗebi taba ka matsa tsakanin yatsu. In ta dunƙule ta ƙi warwarewa, ta yi laima, shanya ta kaɗan a takarda. In ta murmushe, ta bushe, za ta ci wuta da zafi ta gasa maka harshe. In ta matsu ta sake buɗewa a hankali, ta yi daidai. Rubuta wanne ka samu. Taba da yawa da ake zagi ba su da laifi, hunturu ne ya sha su. Ni a kwalba mai murfin roba nake juye tabar lofe, naɗaɗɗiya kuma a robar abinci mai rufuwa ruf da ɗan soso mai danshi a gefe, na ajiye su a gindin randa inda ɗakin ya fi sanyi. In ka ga ƙananan huji kamar na allura a jikin kara, ƙwaron taba ne, zafi ke ƙyanƙyashe shi, ka raba wannan da sauran nan take.

Rubuta lofen da ka sha da shi. Lofe yana riƙe ƙamshin abin da aka sha a cikinsa, musamman na icen briar, wanda da shi ake sassaƙa yawancin lofen Turawa, kuma in ka sha Latakia a ciki jiya, Virginia ta yau za ta zo da warin hayaƙi wanda ba nata ba. Don gwada sabuwar taba na fi son lofen yumɓu ko na totuwar masara, ba su da tsada kuma ba sa ƙara nasu. Rubuta kuma abin da ya shiga bakinka kafin nan. Bayan goro ko tsire mai yaji, duk abin da ka rubuta na banza ne. Kurkure baki da ruwa ka jira.

Ɗanɗano kuwa ka rubuta shi da abin da hancinka ya sani. Turawa suna kwatanta taba da 'ya'yan itatuwan ƙasarsu da kujerun fata, ka karanta ka kwafa, bayan wata shida ka buɗe ba ka san me kake nufi ba. Ga wani zama daga nawa:

"Bayan la'asar, ƙarshen damina, taba daidai. Lofen yumɓu. Kafin wuta: busasshen dabino da ɗan tsami. Farko: zaƙi, ciyawar da aka yanka ta kwana. Tsakiya: masoro ya fito ta hanci, tsamiya a bayan harshe. Ƙarshe: ɗaci kaɗan, gindin tukunyar lofe ya jiƙe. Ashana uku. Toka fara. Ƙarfi matsakaici."

Ka lura an raba shi uku, domin taba na sauyawa yayin da wuta ke sauka, kuma wadda ta fara da daɗi tana iya ƙarewa da ɗaci. Latakia a littafina "rumfar masu bandar kifi a Yawuri" ce, kuma duk lokacin da na karanta layin sai warin ya dawo mini. Ƙarfi ka ba shi nasa layin daban da ɗanɗano: ko ta sa ka jiri, ko shaƙuwa, ko gumi a goshi. Akwai taba mai sanyin baki da ke kayar da mutum.

Warin da ta bari a wuri ba kai za ka faɗa ba, mai sha ba ya jin nasa. Ni a waje nake sha, ƙarƙashin darbejiya, nesa da yara, amma riga tana shiga gida da labari. Uwargida in ta ce, "Alhaji, ta yau kamar an ƙona tsumma," haka nake rubutawa, ba na gyara mata magana.

Maki. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1992, tana ba da maki bisa 100, amma kusan komai tsakanin 80 da 90 da wani abu yake faɗawa, kuma ban yarda harshen mutum na iya raba 88 da 89 ba. Biyar ta ishe ni. Ɗaya, ko kyauta ba na so. Biyu, zan ƙarasa gwangwanin amma ba zan sake saye ba. Uku, in ta samu to. Huɗu, zan neme ta. Biyar, zan aika a kawo mini ko daga ina ne, kuma masu biyar ba su da yawa. Kada ka ba da maki a zaman farko. Sha ta a ranaku daban, da safe da yamma, sannan ka yanke. Kada ka duba abin da wasu suka ba ta kafin ka ba da naka, kuma ka rufe kuɗinta da yatsa, domin abin da ka saya da tsada zuciya ba ta son ta kushe shi. In kana son ka gwada kanka, ba wani ya zuba maka kala biyu a takarda ba suna, shi ya riƙe amsar. In ra'ayinka ya sauya daga baya, kada ka goge tsohon makin, ja layi ka rubuta sabon da kwanan wata. Makin da ka bayar bayan Sallah ƙarama ka sa masa alama, domin bakin da ya huta da azumi yana jin abubuwa fiye da yadda ya saba.

Shafukan ƙarshen nan da muka bari, biyu na jerin sunaye ne da lambar shafi, don nema ya yi sauƙi. Sauran na lissafi ne: kowane wata, sau nawa ka kunna, nawa ka kashe. Ka rubuta gaskiya ko da adadin bai yi maka daɗi ba. Rashin zuƙar hayaƙin lofe zuwa huhu bai kare baki da harshe da maƙogwaro daga ciwon daji (kansa) ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara. A wannan shafin ka riƙa rubuta duk wani gyambo ko farin tabo da ya fito maka a baki, da ranar da ka fara ganinsa. In ya wuce mako biyu bai warke ba, ajiye lofen, ɗauki littafin ka tafi asibiti da shi, domin likita zai tambaye ka tun yaushe da kuma sau nawa a rana.