Yadda ake gane larurar rashin natsuwa ga yaro, da abin da abinci zai iya gyarawa

Ba kowace ƙiriniya ce ciwo ba. Ɗan shekara 4 da ke tsalle daga tabarma zuwa kan turmi yana yin abin da shekarunsa suka ba shi ne. Larurar da likitocinmu ke rubutawa TDAH da Faransanci, wato ƙarancin mai da hankali haɗe da ƙazar-ƙazar, daban take. Tana taɓa kusan yara 5 cikin 100 a duniya, an fi gano ta ga maza, kuma gado ne ke da babban kaso a cikinta. Rashin tarbiyya ba ya kawo ta, bulala kuma ba ta raba yaro da ita.

A fara da rubutu. A samu ɗan littafi, a yi mako biyu ana rubuta abin da aka gani, da lokacin da ya faru. A roƙi malamin boko da malamin allo su ma su faɗi nasu. Alamun kashi biyu ne. Na farko shagala: an aike shi sayen gishiri da magi ya dawo da ɗaya, alƙalami da takalmi ba sa kwana biyu a hannunsa, ya fara wanke allo ya bar shi rabi saboda akuya ta gifta. Na biyu rawar jiki da garaje: ba ya iya zama, yana katse manya, yana ba da amsa kafin a gama tambaya, yana tsallaka titi bai duba babur ba. Likita yana neman alamu 6 cikin 9 a ɗaya daga kashin nan, waɗanda suka ɗauki wata 6, suka fara kafin shekara 12, suka bayyana a wuri biyu ko fiye, kuma suna cutar da karatu ko zaman yaron da mutane. A lura da 'yan mata: da yawansu shiru suke a ƙarshen aji, hankali ya tafi, sai a ce musu daƙiƙai.

Mataki na biyu, wato tabbatar da cewa ba wata matsala ce daban ba, shi ya fi muhimmanci a Garwa, Marwa ko Njamena, domin abubuwa da yawa suna kama da larurar. Yaron da ke jin Hausa da Fulatanci kawai, aka zaunar da shi a aji cike maƙil ana koyarwa da Faransanci, dole ya shagala. Idan a makarantar allo da gida yana natsuwa, matsalar ta aji ce. A duba kunne, musamman bayan sanƙarau ko kunnen da ya daɗe yana ruwa. A duba ido. A ƙirga barci: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Akwai wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na wajen daƙiƙa 10, ido a buɗe, ko an taɓa shi ba ya amsawa; maganinta daban ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin tabo mai kama da larurar rashin natsuwa. Haka ma dalma, wadda ke cikin wasu nau'o'in kwalli da tsofaffin baturan mota da ake fasawa a unguwa.

Sai abinci. Ba ya warkar da larurar, amma yana toshe giɓin da ke ƙara mata nauyi, kuma babban giɓin a wajenmu shi ne ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe. A nemi awon jini a asibiti, har da feritin, wato awon ƙarfen da jiki ya ajiye, idan ana yi. Kada a sayi maganin ƙarin jini a tebur a ɗura wa yaro: mai sikila ba ƙarfe ne ya yi masa ƙaranci ba, kuma ƙwayoyin ƙarfe guba ne idan ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa. Idan yaro yana wanka a tafkin Lagdo, tafkin Maga ko kogin Logon kuma fitsarinsa da jini, tsargiya ce, sai an kashe ta jini zai tsaya. A ba da maganin tsutsar ciki idan ma'aikatan lafiya sun zo makaranta.

A tukunya kuwa, hanta sau ɗaya a mako, nama ko kifi gwargwadon hali, wake, zogale, gyaɗa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shayi tare da abinci, domin yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye. A raba su da awa guda aƙalla, a matsa lemon tsami a abinci ko a bi shi da gwaiba ko mangwaro. Gishiri ya zama mai aidin. Karin kumallo kada ya tsaya a burodi da ruwan sukari. Kunun gyaɗa da ƙosai uku, ko ƙwai guda, ko kindirmo, sun fi riƙe yaro har tashi.

Man kifi na omega-3 yana taimakawa, amma kaɗan, kuma sai an yi wata uku kafin a yanke hukunci. Karfasa da tarwaɗa abinci ne mai kyau, sai dai kifin teku mai maiƙo, irin sardin na gwangwani, ya fi su wannan man. Sau biyu a mako ya isa.

Sukari ya sha zargi fiye da laifinsa: binciken da aka tattara a 1995 bai nuna yana sa ƙiriniya ba, ko da yake haƙora sun ishe mu dalilin rage shi. Launin abinci na kamfani ya fi cancanci a sa masa ido. Bayan wani bincike a Ingila a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta gargaɗi a kan launukan abinci masu lamba E102, E104, E110, E122, E124 da E129. A karanta bayan ledar alawa da garin lemo. A cire su tsaf na mako huɗu, a maye da zoɓo ko kunun tsamiya na gida, ana ci gaba da rubutu a littafin, sannan a dawo da su a ga ko hali ya canja. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Kofi, goro da lemon ƙara kuzari a janye su, ballantana da yamma. Hana yaro madara, alkama da ƙwai gaba ɗaya ba aikin gida ba ne, yana iya jefa shi cikin tamowa.

Idan an gyara waɗannan kuma littafin bai sauya ba, a kai shi wurin likitan yara a asibitin yanki. Ana fara koya wa iyaye dabaru: umarni ɗaya a lokaci guda, ana kallon idonsa, yabo nan take, zama a gaban aji. Maganin metilfenidat likita kaɗai ke rubuta shi, galibi daga shekara 6. Yana rage cin abinci, don haka a ba da karin kumallo kafin ƙwaya, a riƙa auna nauyi da tsawon yaron a kowace ziyara.