Maganin ƙuma a jikin kare

Jama'a, masu karnukan gadi da na farauta: kafin ku sayi magani, ku tabbatar ƙuma ce. A taje gindin wutsiya da cikin cinyoyi a kan farar takarda mai laima. In baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne.

Maganin ɗigawa mai sinadarin fipronil, irin su Frontline, ana sayensa gwargwadon nauyin kare. A buɗa gashi tsakanin kafaɗu, a matse shi a kan fata, ba a kan gashi ba. Kada a yi wa kare wanka kwana 2 kafin da kwana 2 bayan haka, domin maiƙon fata ne ke yaɗa maganin. A maimaita duk wata, aƙalla wata 3 a jere. Kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, a taje shi kawai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne makwanci. Ƙuma ta mace kan saka ƙwai har 50 a rana, su zube a buhu, tsumma da tsagar ƙasa, su ƙyanƙyashe bayan an ɗauka an gama. A wanke shimfiɗa da ruwan zafi duk sati, a shanya a rana, a share a ƙone sharar.

Don Allah ban da Sniper, kananzir da baƙin mai. Kare na lashewa, guba ce. Maganin ƙuma mai sinadarin permethrin kuma yana kashe kyanwa. A kuma ba kare maganin tsutsar ciki mai suna praziquantel, saboda haɗiye ƙuma na kawo tsutsar ciki. In dasashin kwikwiyo ya yi fari, jini ya ragu, a garzaya wurin likitan dabbobi.