Kada kulle ya kashe muku ƙungiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da ya riƙe ƙungiyar adashenmu ta mata a Kano lokacin da aka sa dokar kulle saboda korona a watan Afrilun 2020, ko wata za ta amfana.

Kada ku taɓa ranar zama. Mu Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, sai muka bar ta yadda take, muka mayar da zaman WhatsApp. Rubutu bai karɓe mu ba, don iyayenmu da ke ciki ba sa son latse-latse. Saƙon murya ya fi, gajere, kowa ta jira layinta. Kiran bidiyo kuwa ku manta da shi, data zai cinye kawai.

Inda aikin yake shi ne masu ƙaramar waya, su ake fara mantawa. Duk mai babbar waya muka ba ta mutum biyu ko uku, ta kira su bayan zama, ta faɗa musu abin da aka yanke, ta kuma ji lafiyar gida. Kuɗin kati daga asusun ƙungiya yake fita. Ta nan muka gano wata da kayan abincinta suka ƙare, kunya ta hana ta faɗa.

Zubi kuma muka rage shi, tunda kasuwa a rufe take. Mai iya turawa ta banki ta tura, uwar adashe ta ɗauki hoton littafi kowa ya gani.

Sai ku hana turo jita-jitar magani. Mu labarin cutar in ba daga NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ya fito ba, gogewa muke.