Wanke Fuska Mai Maiƙo da Yumɓun Gasul

Kun yi ta tambayata kan gasul, yumɓun nan na Maroko. Ga yadda nake yi:

1. Ki zuba garin cokali ɗaya a kwano.
2. Ki ɗiɗɗiga ruwa kina damawa har ya yi kaurin kunu.
3. Ki jiƙa fuska da ruwan ɗumi.
4. Ki shafa, banda kewayen ido. In goshi, hanci da haɓa kaɗai ke maiƙo, ki ƙyale kumatu.
5. Ki jira minti 5. Kada ki bari ya bushe ƙayau har ya tsattsage! Na taɓa shagala da hira, kwana biyu fuskata na ɗaurewa.
6. Ki ɗauraye, banda dirza.
7. Ki shafa mai marar nauyi.

Sau biyu a mako ya isa. Da hunturu kuwa, sau ɗaya.