Tayar da tsohon injin kwale-kwale da ya daɗe a ajiye

Kada ka tayar da shi a tudu. Robar famfon ruwansa tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi in babu ruwa, don haka tsoma ƙafarsa, wato ɓangaren ƙasa mai farfela, cikin durom na ruwa tukuna.

Zubar da tsohon fetur, ka wanke kafireto, ka goge fulogi. Sai haɗin mai: injinan Johnson da Evinrude na kafin 1964 lita 1 ta baƙin mai suke so a lita 24 ta fetur, na bayansu 1 a 50. In ka rage musu baƙin mai, fistin zai kama.

Da ya tashi, taɓa kan injin. Zafi fiye da kima, kashe shi. A kogin Haɗeja ciyawar kacala kan toshe mashigar ruwan injin ko ta naɗe farfela.