Yadda Ake Auna Mazaunin Bututun Banɗaki Kafin a Sayi Sabon Masai na Zama

Masai na zama, irin wanda ake kora da ruwan tanki, ba kaya ba ne da ake zaɓa saboda kyan gani kawai. Kowanne an ƙera shi da mafitarsa a wani ƙayyadadden wuri, kuma tilas ne wannan mafitar ta faɗa daidai kan bakin bututun da ke kwashe ƙazanta daga banɗakin. Bututun a binne yake cikin siminti, masai ɗin kuwa tangaran ne gasasshe, saboda haka babu ɗaya daga cikinsu da zai lanƙwasa don ya biya wa ɗan'uwansa buƙata. Idan tazarar ba ta yi daidai ba, ko dai tankin ya tokare bango masai ɗin ya ƙi zama, ko kuma a samu wawakeken fili a bayansa, ko a tilasta haɗin ya riƙa yoyo da wari. Awon da ke hana wannan duka ba ya buƙatar komai sai tef ɗin awo, fensir ko alli, takarda, da ɗan haƙuri.

A fara da sanin inda bututun ya fito

Kafin a miƙe tef, a duba ko bututun banɗakin daga ƙasa ya ɓullo ko daga bango, domin amsar ita ce za ta nuna abin da za a auna. Masai mai zubarwa ƙasa shi ne ake wa laƙabi da harafin S, mai zubarwa ta baya zuwa bango kuma ake wa laƙabi da P, saboda siffar lanƙwasar da ke cikinsu, wadda ke riƙe ɗan ruwa don ta tare warin da ke tasowa daga magudana. A na ƙasa, tazara ake nema daga bango zuwa tsakiyar bututu. A na bango, tsayi ake nema daga daɓe zuwa tsakiyar bututu.

Auna bututun ƙasa

Ƙa'idar guda ce, kuma a kanta yawancin kurakurai ke faruwa: ana aunawa daga fuskar bangon da aka gama, wato bayan filasta da tayil, zuwa tsakiyar bakin bututun. Ba a tsayawa a gefen bututu na kusa, ba a zarcewa zuwa gefensa na nesa, kuma ba a farawa daga ƙaramin layin tayil ko katakon da ake zagaya gindin bango da shi. Idan akwai irin wannan layin, a ɗora bakin tef ɗin a samansa ya taɓa bangon kansa, ko kuma a auna daga layin sannan a ƙara kaurinsa a lissafi. Dalili shi ne tankin masai yana sama ne, bangon yake fuskanta.

Idan an riga an cire tsohon masai, ko kuma sabon gini ne, bakin bututun a buɗe yake kuma aikin ya zo da sauƙi. Sai dai tsakiyar rami ba ta da alamar da ido zai kama, kuma wanda ya yi kirdado yana iya kaucewa da santimita ɗaya ko biyu bai sani ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a auna daga bango zuwa gefen bututun na kusa a rubuta, a sake aunawa zuwa gefensa na nesa a rubuta, sannan a haɗa lambobin biyu a raba biyu. Alal misali, idan gefen kusa ya ba da milimita 245, na nesa ya ba da 355, jimillarsu 600 ce, rabinta kuwa 300, wato tsakiyar bututun tana milimita 300 daga bango. Bambancin da ke tsakanin lambobin biyu, 110 a wannan misalin, shi ne faɗin bututun, kuma shi ma ya cancanci a rubuta shi, domin bututun masai a ƙasashe da dama na milimita 110 ne, wanda aka saba kira inci 4, amma akwai wuraren da ake amfani da na inci 3. A tabbatar tef ɗin yana miƙe sak daga bango, bai karkata hagu ko dama ba, don karkata kaɗan tana ƙara wa awon tsawon da babu shi.

Muddin bakin bututun yana buɗe, a toshe shi da tsumman da aka ƙunshe cikin leda, mai girman da ba zai faɗa ciki ba. Iskar da ke fitowa daga magudana ba wari kaɗai ba ce, tana ɗauke da iskar gas mai cutarwa, kuma ɓaraguzan siminti ko guntun tayil da suka faɗa ciki su ne ke zama toshewar da za a yi ta fama da ita daga baya.

Idan tsohon masai yana nan a kafe, lamarin yana buƙatar lura sosai. A tsarin da aka saba da shi a Amurka da Kanada, akwai zoben da ake kafawa a bakin bututu, kuma notuna biyu ne ke fitowa daga zoben su riƙe masai ɗin ta hagu da dama, yawanci a rufe da ƴan hulunan roba. Waɗannan notunan suna kan layi ɗaya da tsakiyar bututun, don haka auna daga bango zuwa tsakiyar noti ya wadatar. Idan tsohon masai ne mai notuna huɗu, na baya ake aunawa. Amma wannan dabarar ba ta aiki ga kowane masai. Da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa a Turai da Asiya ana ɗaure su ne kai tsaye a daɓe da ƙusoshi masu zare, kuma ramukan ƙusoshin ba su da alaƙa da inda mafitar take. Wanda ya auna zuwa irin wannan ƙusar ya samu lamba, amma lambar ba ta bututu ba ce. A nan sai a leƙa bayan masai ɗin da fitila, a ga inda wuyansa ya shiga ƙasa, a auna zuwa tsakiyar wuyan. Idan gindin a rufe yake ruf, ko an lulluɓe shi da siminti, ni a ganina gara a cire shi a ga bututun da ido kafin a sayi sabo, ko da hakan na nufin banɗakin zai yini ba ya aiki. Cirewar ba ta da wuya: a rufe ruwan da ke shiga tanki, a kora abin da ke ciki, a tsane ragowar da soso, a kwance tiyon ruwa da notunan, sannan a girgiza masai ɗin a hankali har ya rabu da daɓe. A sa safar hannu.

Fassara lambar da aka samu

Kamfanoni ba sa ƙera masai na kowace tazara, ƴan ma'auni ne suka zaɓa. A Amurka mafi yawa inci 12 ne, kimanin milimita 305, sai kuma inci 10 da inci 14 da ake samu galibi a tsofaffin gidaje. A Sin da sauran wuraren da ke bin tsarinta, milimita 300 da 400 ne suka fi yawa. Akwai wasu ma'aunan ƙanana da waɗannan, don haka kada a ɗauka cewa kowane masai mai zubarwa ƙasa na 300 ne.

Da wuya awon ya faɗa cif kan ɗaya daga cikin waɗannan lambobin, kuma a nan ake buƙatar sanin ɓangaren da ya halatta a karkata. Masai mai ƙaramar tazara yana hawa bututu mai babbar tazara, abin da kawai zai biyo baya shi ne fili tsakanin tanki da bango. Mai babbar tazara kuwa ba ya hawa ƙarama, domin bango ba ya matsawa. Idan awo ya ba da milimita 320, na 300 zai zauna da ɗan fili na santimita biyu a baya, wanda ba zai dami kowa ba. Idan ya ba da 380, na 400 ba zai shiga ba duk da cewa shi ya fi kusa, na 300 kuma zai bar filin santimita takwas, wanda ƙura za ta taru a ciki kuma tankin ya rasa majingina. A irin wannan halin ne ake duba mahaɗar da ke gusar da mafita gaba ko baya. Tana da amfani idan giɓin ƴan santimita ne, amma duk yadda gusarwar ta ƙaru, hanyar ƙazanta tana ƙara karkacewa kuma toshewa na ƙara kusantowa. Idan giɓin ya yi yawa, gyaran gaskiya shi ne a fasa daɓe a matsar da bututun, aikin da ya kamata a bar wa ƙwararren mai aikin famfo, musamman a saman bene inda fasa kankare na iya taɓa rodi.

A kuma gwada ko bangon a miƙe yake. Wani bangon yakan kwanto gaba daga sama, ta yadda awon da aka yi a ƙasa zai nuna akwai wuri, amma murfin tankin ya tokare a sama.

Idan ba a gama bango ba

A sabon gini, ko inda za a sake tayil, bangon da ake gani yau ba shi ne masai zai fuskanta ba. Dole a ƙara kaurin duk abin da zai hau kansa. Idan ana son tazarar ƙarshe ta zama milimita 300, kuma filasta za ta ci 15, tayil da simintin manna shi su ci wasu 15, to tsakiyar bututun ta kasance milimita 330 daga fuskar bulo. Wanda ya kafa bututu a 300 daga bulo tsirara zai wayi gari da 270 bayan an gama ado, kuma masai na 300 ba zai zauna ba. Ya fi kyau a tambayi mai tayil kaurin da yake shirin yi, a kuma bar ɗan rara na santimita ɗaya.

Auna bututun bango

A ɗora tef a daɓen da aka gama, a auna zuwa ƙasan bututun da kuma samansa, a raba jimillar biyu kamar yadda aka yi a na ƙasa. Yawancin masai masu zubarwa ta baya mafitarsu tana kusan milimita 180 daga ƙasa. Abin lura shi ne bututun bango kada ya fi mafitar masai tsayi, domin ruwa ba ya hawa tudu. Idan ya ɗan yi ƙasa da ita, mahaɗar roba za ta cike giɓin. Saboda haka ɗora sabon tayil a kan tsoho ba ya cika ɓata wannan haɗin, amma ɓamɓare tsohon daɓe mai kauri a maye shi da siriri yana sauke masai ɗin ƙasa da bututun. A auna har da tsawon da bututun ya leƙo daga bango, don mai tsawo yakan tura masai gaba.

Wanda ke son sauya masai na tsuguno da na zama ya sani cewa bututun na tsuguno ba a kafa shi da lissafin na zama ba, kuma sau da yawa akwai lanƙwasar tare wari a binne ƙarƙashinsa. Tun da na zama yana da tasa a jikinsa, barin ta ƙasan yana sa ruwa ya riƙa tafiya da ƙyar, don haka sai an tono an cire ta.

Filin da ke kewaye

Daga tsakiyar bututun, a auna zuwa bangon gefe, ko zuwa wurin wanke hannu, ko duk abin da ke kusa. Dokokin gini na Amurka sun tanadi aƙalla inci 15, kimanin santimita 38, a kowane ɓangare, da kuma inci 21 zuwa 24 a gaban masai, wato santimita 53 zuwa 61, gwargwadon dokar da ake bi. Ko a inda doka ba ta faɗi haka ba, waɗannan lambobin sun dace da jikin babban mutum. A buɗe ƙofar banɗakin har ƙarshe a zana inda take kaiwa da alli, domin masai mai dogon baki ya fi mai zagayayyen baki tsawo da kusan santimita biyar, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya hana ƙofa buɗewa. Idan akwai taga ko kanta a saman wurin, a auna tsayinta don murfin tankin ya samu hanyar ɗagawa. A rubuta kuma ɓangaren da famfon ruwan tanki yake, da nisansa daga tsakiyar bututu, da tsayinsa daga ƙasa, saboda masai mai rufaffen gindi yana iya danne famfon da ya matso ciki da yawa. Masai na kusurwa kuwa daga bangwayen biyu ake auna shi, kuma ya kamata lambobin su zo ɗaya.

A wurin saye

A tafi da takardar awon da tef ɗin kansa. Yawanci akwai zane a jikin kwali ko a takardar da ke ciki mai nuna tazarar mafita, amma a tabbatar da shi a kan kayan: a jingina masai ɗin da bango tare da tankinsa, a sa alama a ƙasa daidai tsakiyar mafitar, a ja shi gefe, a auna daga bango zuwa alamar. Idan tanki da gindi a rabe suke, a tabbatar na tazara ɗaya ne, domin wasu kamfanonin da tanki suke bambanta na inci 10 da na 12. Bayan an kawo shi gida, a ɗora shi a kan bututun haka nan ba tare da siminti, roba ko noti ba, a ga yadda ya zauna, a buɗe ƙofa a rufe, a ɗaga murfin tanki, sannan a kira mai haɗawa.