Kuɗin Jirgin Ƙasa da Bas Tsakanin Duwatsun Bavariya da Birnin Munich: Shawara ga Sababbin Zuwa Jamus

Matasanmu na Jos da suke samun gurbin koyon sana'a a kudancin Jamus, musamman aikin jinya da aikin otel, ba duka ake ajiye su a cikin birnin Munich ba. Wasu wurin aikinsu yana gindin tsaunukan Alps ne, a garuruwa irin su Garmisch-Partenkirchen da Murnau da Mittenwald, amma kusan duk buƙatunsu na rayuwa suna birni: naman halal da manja da garin kwaki a shagunan da ke kewayen babbar tashar jirgi, manyan masallatai, da 'yan'uwan da za a zauna a yi hira da Hausa. Saboda haka kuɗin hawa da sauka tsakanin dutse da birni yana cikin abubuwan farko da ya kamata mutum ya lissafa, tun yana gida, kafin ya amince da albashin da aka rubuta masa a takarda.

Wanda ya saba saukowa Abuja ta Hawan Kibo da Akwanga ya san ka'idar tasha: a je, a tambayi kuɗin mota, a jira ta cika, a biya. A Jamus ana gama maganar kuɗi ne tun kafin a taka jirgi, kuma irin tikitin da mutum yake riƙe da shi ne ke nuna ko ya yi dabara ko ya yi asara, domin fasinjoji biyu suna iya zama a kujera ɗaya alhali ɗaya ya biya ninki biyu na abin da ɗayan ya biya.

Daga babbar tashar Munich, wadda allunan tasha ke rubutawa München Hbf, zuwa Garmisch tafiyar kusan awa ɗaya da minti 20 ce a jirgin yanki, ta Tutzing da Weilheim da Murnau. Ga wanda zai zauna a yankin, shawarata ita ce ya yanki Deutschlandticket, wato tikitin wata na duk Jamus, tun watan farko. An fara shi a watan Mayu na 2023 a kan yuro 49 a wata, ya koma yuro 58 a Janairun 2025, sannan yuro 63 a Janairun 2026. Da shi ana hawa jiragen yanki masu alamar RB da RE, da S-Bahn (jirgin birni da kewayensa), da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da taram, da bas ɗin gari da na ƙauye, a faɗin Jamus baki ɗaya, ba tare da an ƙidaya yawan hawa ba. Har Salzburg da Kufstein, waɗanda suke cikin ƙasar Ostiriya, yana kai mutum. Ɗalibai da masu koyon sana'a a jihar Bavariya suna samunsa da ragin yuro 20, kuma wasu wuraren aiki suna biya wa ma'aikatansu wani kaso, don haka a tambayi ofishin ma'aikata kafin a saya da cikakken farashi.

Sai dai wannan tikiti yana da sharuɗɗan da suke cin kuɗin baƙo. Rajista ce mai sabunta kanta duk wata, ana cire kuɗin kai tsaye daga asusun banki, kuma wanda yake son ya daina sai ya soke kafin 10 ga wata ya wuce, in ba haka ba ya biya na wata mai zuwa ko da yana hutu a Jos. Lissafinsa na watan kalanda ne, ma'ana wanda ya saya ranar 25 ga wata, a mafi yawan masu sayarwa, zai biya kuɗin wata cur a kan 'yan kwanakin da suka rage. Na mutum ɗaya ne da sunansa a jiki, ba a aro, kuma mai duba tikiti yana da damar neman katin shaida. Mafi girman tarko shi ne jiragen nesa masu gudu, wato ICE da IC da EC, waɗanda, in ban da wasu 'yan layuka kaɗan, ba sa cikinsa, ko da tasha ɗaya kawai mutum zai yi. Wanda aka kama ba shi da tikitin da ya dace zai biya aƙalla yuro 60, kuma cewa shi baƙo ne ba ya rage ko sisi. A manhajar DB Navigator ta kamfanin jiragen ƙasan Jamus akwai wurin da ake zaɓar jiragen yanki kaɗai, kuma ya kamata a kunna shi tun ranar farko.

Wanda ba zai riƙa tafiya a kai a kai ba, ko wanda ya yi baƙi, Bayern-Ticket ya fi dacewa da shi. Tikitin yini ne na dukan jihar, wanda a 2025 yake yuro 32 ga mutum ɗaya, da ƙarin yuro 10 ga kowane abokin tafiya har a kai mutum 5. A farashin shekarar, idan biyar ɗin sun cika, kuɗin ya zama yuro 72, kowa bai kai yuro 15 ba, zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin birni. Dole a rubuta sunayen matafiyan a kan tikitin, kuma ba a sauya wani da wani a hanya. A ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, yana ƙarewa ƙarfe 3 na dare, amma Asabar da Lahadi tun tsakar dare yake buɗe. Wannan ƙarfe 9 ɗin shi ya sa bai dace da mai zuwa aiki ko mai ganin likita da sassafe ba. Lissafin kuma a fili yake: mutum ɗaya da zai sauko birni sau biyu a wata ya riga ya kashe fiye da kuɗin tikitin wata.

Bas ɗin nesa irin na FlixBus yana tashi daga ZOB, babbar tashar bas ta Munich, kusa da tashar jirgi ta Hackerbrücke, farashinsa yana hawa da sauka gwargwadon rana da yawan masu saye, kuma ba ya cikin tikitin wata. Ga mai Deutschlandticket a aljihu ban ga dalilin biyan kuɗi biyu ba.

Bas ɗin da ya fi shafar mazaunin dutse shi ne ƙaramin da ke ɗaukarsa daga tashar jirgi zuwa ƙauyensa. Da rana yana zuwa a kan lokaci, amma da dare da ranar Lahadi yana ƙaranci ƙwarai, kuma wanda ya daɗe wajen hira a Munich zai iya sauka a tasha ya tarar na ƙarshe ya wuce, ya tsaya da ledojin cefane a cikin dusar ƙanƙara, ba acaba ba Keke Napep. Abin da ya rage shi ne tasi, kuma tasi ɗaya na dare yana iya cinye rabin kuɗin tikitin wata. Jos ta fi Garmisch tudu, don tana kan kusan mita 1,200 ita kuwa Garmisch kusan 700, amma sanyin hunturun can ba irin na Disamba a Rayfield ba ne, har batirin waya yake zuƙewa, kuma tikitin yana cikin wayar. A riƙe abin caji a jaka, a kuma duba lokacin bas na ƙarshe kafin a baro gida. Wanda yake neman ɗaki ya auna nisansa da tasha kafin ya yi murnar arhar haya.

Idan aka ga haruffan SEV a allo, ana gyaran layi ne, bas zai maye gurbin jirgi a wani yanki na hanya, tikitin da ke hannu yana aiki a cikinsa ba ƙari, sai dai tafiyar za ta ƙara tsawo. Wasu jiragen kuma suna rabuwa biyu a hanya, kowane rabi ya nufi garinsa, don haka a karanta sunan garin da ke jikin taragon da aka shiga.

Masu sha'awar hawa Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus mai mita 2,962, su sani cewa jirgin da ke hawa ƙololuwa da motar igiya suna da kuɗinsu daban mai tsada, kuma tikitin wata ko na yini ba ya kai mutum sama. Ranar Asabar da safe kuwa jiragen da ke barin Munich zuwa dutse suna cika maƙil da masu yawon tsauni, wanda hakan sa'a ce ga mazaunin Garmisch, domin a lokacin shi birni ya nufa, kuma yawanci zai sami wurin zama.